Darasin kasuwar 'yan ƙwallo: matashi ko gogagge?

Abu na farko da mai bibiyar cinikin 'yan wasa yake koya shi ne, kuɗin da jaridu ke bugawa ba shi ne ainihin farashi ba. Kulob yana raba kuɗin saye bisa shekarun kwantiragi, ya ɗora albashi a kai. Ɗan wasan fam miliyan 50 da ya sa hannu na shekara biyar yana cin miliyan 10 duk shekara a littafin lissafin kulob, ban da albashinsa. Ta nan Chelsea ta bi a farkon 2023, ta ba Mudryk da Enzo Fernández kwantiragin shekara takwas da rabi don nauyin ya ragu. A wannan shekarar ta 2023 UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta ce rabon kada ya wuce shekara biyar.

Wanda ya sayi gogagge, sakamakon yau yake saye. Manchester United ta ɗauko van Persie daga Arsenal a 2012 kan fam miliyan 24, yana da shekara 29. Ya ci ƙwallo 26 a Firimiya, suka ɗauki kofi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Matsalar tana wajen fita: idan ƙafa ta yi nauyi, albashi ba ya sauka, mai saye kuma ba ya zuwa. Alexis Sánchez ya ci wa United ƙwallo biyar kacal a wasa 45, a ƙarshe ya tafi Inter ba a karɓi kuɗin saye ba.

A ganina inda aka fi yin kuskure shi ne wajen matasa, domin mutane suna kallon ribar, ba sa kallon yadda aka yi reno. Brighton ta sayi Moisés Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 kan kusan fam miliyan huɗu da rabi, ta sayar wa Chelsea a 2023 kan cinikin da ya kai miliyan 115. Amma a tsakani an tura shi aro Beerschot ta Beljiyam, aka dawo da shi, sannan da aka sayar da Bissouma ga Tottenham a 2022 gurbi ya buɗe wa Caicedo. Tun ranar saye ya kamata kulob ya san wa yaron zai gada, yaushe, kuma ina zai riƙa buga wasa kafin lokacin. Victor Osimhen bai ci ko ƙwallo ɗaya ba a Wolfsburg, ga rauni ga zazzaɓin cizon sauro. Da aka kai shi Charleroi aro a 2018 yana buga wasa kowane mako, ya ci 20, Lille ta ɗauke shi, Napoli ta biya kusan Yuro miliyan 70 a 2020. Yaron da ke dumama benci darajarsa zubewa take yi, kwantiraginsa na ƙarewa.

Akwai kuma doka. FIFA ta hana kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, sai a wasu keɓaɓɓun yanayi; a kan karya wannan doka aka haramta wa Barcelona saye a 2014, Chelsea a 2019. Ahmed Musa ma sai da ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan bayan ya bar Kano Pillars.

Wata dokar kuma ta shafi masu makarantun ƙwallo a gida. Idan aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin na kulob-kulob ɗin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Ana rasa kuɗin nan saboda ba a yi wa yaro rajista da hukumar ƙwallo ba, sunan makarantar bai shiga tarihinsa ba. A yi rajistar kowace kaka, a adana takardu, kuma lokacin sayarwa a nemi a rubuta kaso daga ciniki na gaba a cikin yarjejeniyar.