Godiya bayan addu'ar arba'in ɗin Mma

Alhamdu lillahi. Jiya aka yi addu'ar arba'in, an kwashe rumfa da kujeru, sai yau na samu na zauna. Kun san yadda watannin nan biyar na jinyar Mma suka kasance, ba sai na maimaita ba. Har yanzu ƙarfe biyun dare na yi sai in farka firgigit ina laluben kwalbar mofin, maganin kashe raɗaɗi, don jikina ya saba da ba ta magani duk bayan awa huɗu.

Daren ƙarshe a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi ne ya ƙi fita raina. Tun da rana likita ya gaya mana gaskiya, cewa ciwon dajin ya kai hanta, abin da ya rage sai a sauƙaƙa mata raɗaɗi. Ni kaɗai ce a gefenta. Numfashinta ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, tsoro ya kama ni har Fatiha ta ɓace mini. Sai ga nas ɗin dare, 'yar Asante ce, Kirista, ko sunanta ban tambaya ba. Ta jiƙa auduga ta shafa wa Mma a leɓe, ta ce da ni: ina ne gabas ɗinku? Muka juya Mma tare, ta kwanta a kan damanta. Ta ce in matso kusa da kunnenta, mara lafiya yakan ji ko da ya daina magana. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada har aka kira assalatu. Da rai ya yi halinsa, nas ɗin ta dafa kafaɗata ta ce "kafra", wato sannu da yarensu. Baiwar Allah, duk inda kike, Allah ya jiɓinci lamarinki.

Na san ba a so a ambaci mutum, amma ku yi haƙuri. Hajiya mai koko ta bakin masallacinmu a Aboabo, wadda kullum sai ta aiko da koko da ƙosai ba ta karɓi ko sidi ɗaya ba. Iyayenmu mata da suka yi wa Mma wanka. Liman, da samarin da suka gama haƙa kabari a Tafo kafin azahar. Masu turo kuɗi ta waya (momo) ranar da maganin ya fi ƙarfin katin inshora. Allah ya saka muku da Aljanna, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

'Yan'uwa daga Bawku sun kwana a mota sun iso. Na Nima kuwa, to, wataƙila hanyar Accra ce ta ƙara tsawo. Mma dai ta tambaye ku sau biyu, na ce kuna tafe.

Allah ya jiƙan Mma, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka kabarinta. Mai shuɗiyar kular abinci da aka bari a zaure, tana wurina.