Fankar hitar motata da ta ƙi aiki sai a lamba 4

Sanyin bana ne ya tuna min wai ashe motata tana da hita. Mu nan Kano kusan duk shekara AC muke nema, ba mai waiwayar ɓangaren jan nan na makunnin, sai Disamba ta shigo hazo ya sauko, ka fito da yara da ƙarfe bakwai saura za ka kai su makaranta, ƙaramar tana baya ta duƙunƙune cikin hijabi tana cewa Abba ka kunna mana ɗumi. Na murɗa lamba 1 shiru, 2 shiru, 3 shiru, ina kaiwa 4 sai ga ƙara kamar injin markaɗe, iskar kuma ba wata mai yawa ba sai warin ƙura. Haka muka tafi tun daga Ɗorayi har Gadon Ƙaya, in kunna ƙara ta ishe mu in kashe sanyi ya ishe mu.

Motar Corolla ce 2005 'yar Beljiyam, kuma in faɗi gaskiya tun da damina na lura lamba 1 tana ɗaukewa ta dawo, na share.

Rewayan farko da na je gurinsa ko sunkuyawa bai yi ba, ya murɗa makunnin sau biyu ya ce Alhaji bulowa ce ta mutu, wato ita fankar kanta, ka je Ƙofar Ruwa ka samo wata. Na ce to abin da ya mutu ya ake yi yake juyawa a lamba 4? Sai ya ce in ba na son kashe kuɗi zai yi mata dairek, ya ja waya daga batir ya sa min wani ɗan makunni a gefe. Na ce a'a nagode, na taɓa ganin motar da dairek ya cinye wa wayarin har dashbod ya narke.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon rewaya, irin waɗanda gilashinsu yake ɗaure da zare. Ina gama bayani ya ce ba fiyus ba ne, don da fiyus ne ya ƙone ko 4 ɗin ma ba za ta tashi ba. Ya tura kujerar mai zaman banza baya, ya kwanta rigingine kansa a ƙarƙashin ɗan akwatin nan na gaba, ya kwance noti biyu ya zaro wani abu da bai kai tafin hannu ba, gefensa ɗaya ya yi baƙi, robar soket ɗin ma ta ɗan narke. Ya ce shinshina. Ƙauri ne sak irin na tsohuwar rediyo in ta ƙone.

Wannan shi ne rizista. Yadda ya fahimtar da ni, fankar guda ɗaya ce tak, ita ke huro sanyin AC ita ke huro ɗumin hita. In ka sa 1 ko 2 ko 3 wutar sai ta bi ta cikin rizistan nan ya rage mata ƙarfi shi ya sa fankar take juyawa a hankali, amma lamba 4 wuta kai tsaye take zuwa ba ta bi ta kansa. To in ya ƙone sai ƙananan lambobin su mutu babbar ta rage. Ya ce in kuma ka murɗa duka huɗun shiru, ka fara da fiyus, sannan rile, sannan ka kunna ka ɗan bubbuga ƙasan dashbod inda fankar take, in ta zabura ta tashi to kabon ɗin cikinta ne ya cinye. Kuma kar ka yarda wani ya naɗa maka silin waya a gurin fiyus.

Ni na zaci an gama, a sa sabo in tafi. Sai ya ce Malam tsaya tukuna, ba ka tambayi me ya ƙona shi ba, in muka sa wani a haka kafin azumi ka dawo. Ashe da gangan ake dasa rizistan a cikin hanyar iskar don iskar fankar ta riƙa sanyaya shi, in hanya ta toshe sai ya yi ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Ya sauke akwatin ya zaro filta, wallahi kunya ta kama ni, ta zama kamar bulon ƙasa, jar ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a jiki ga busasshen ganyen darbejiyar da nake fakin a ƙarƙashinta. Ni ban ma san akwai filta a gurin ba, ta injin kawai na sani. Da ya kwance fankar kuma sai ga ɓawon gyaɗa da yagaggen tishu, ɓera ya yi gida a ciki, shi ne ƙarar markaɗen nan. Ya kakkaɓe, ya juya ta da yatsa ya ga ba ta cijewa, ya jona ta da batir ta tashi lafiya lau. Bulowar da aka ce in je in siya ke nan.

Rizista da filta kawai na siyo, lambobi huɗu duk suka dawo. Amma washegari da safe iska tana fitowa sosai ɗumin kuma sama-sama, sai mun kusa makaranta yake fara zuwa. Na kira Baban ya yi dariya ya ce wannan ba aikinsa ba ne, fanka ba ta haɗa zafi, ruwan injin ne yake bi ta wani ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod ita kuma ta huro, in tambayi bakanikena ko ya cire tamostat, abin nan da yake tare ruwan injin har sai ya yi zafi. Na tambaye shi kuwa, ko kunya babu ya ce ai tun ranar da motar ta fara zuwa garejinsa ya jefar da shi, wai na ƙasar Turawa ne. Asabar zan leƙa Ƙofar Ruwa in nemo, kafin nan na sa wa ƙaramar bargo a kujerar baya.