Jikan maƙwabciyata da hasumiyar bakin teku

Asabar. Ruwa tun asuba, irin yayyafin A Coruña da ba ya jiƙa ka sai ka raina shi.

Da hantsi tsohuwar da ke gidan ƙasa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, waya a hannu, baki har kunne. An yi mata jika namiji. Na yi mata barka, na ce, "Iya, yaya sunan angon naki?" Ta ce Breogán. Sau uku tana maimaitawa ina kwafsawa. Shekara biyu ina nan Galisiya, yankin arewa maso yammacin Sifen, ban san sunan mutum ba ne. Na ɗauka na ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin Lugo ne kawai.

Ta ce in je Hasumiyar Hercules, tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa da ke bakin tekun A Coruña, in gani da idona. Bayan azahar na tafi.

Ga shi kuwa a bakin hanyar hawa, ƙaton gunkin Breogán na dutse riƙe da garkuwa. Ashe Bayajidansu ne. Abin da ya ɗaure mini kai, labarin ba daga nan ya fito ba, daga wani kundin Ayilan ne na ƙarni na 11. Wai Breogán sarki ne da ya gina hasumiya a birnin Brigantiya, wanda ake cewa shi ne A Coruña, ɗansa Ith ya hau wani yammacin hunturu ya hango Ayilan. Ith ya tafi, can aka kashe shi, dangi suka bi sawu ɗaukar fansa suka ci ƙasar. Masana suna danganta sunan da tushen kalmar Keltawa (wata tsohuwar al'ummar Turai) "brig", wato tudu ko ɗaukaka.

Na hau matakala sama da 200, gwiwa na kuka. Ayilan na nesa da kusan kilomita 900, ni ko jirgin da ke shigowa tasha da ƙyar na gani. Hasumiyar ma Rumawa suka gina, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009.

Da daddare na kai wa Iya dabino. Ta ce a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franco a Sifen ofishin rajista ba ya karɓar suna da harshen Galisiyanci, sai a 1977 doka ta canza. A takarda mijinta José ne, a gida Xosé. Sai ta miƙe ta rera mini taken Galisiya, inda ake kiran ƙasar gidan Breogán, har muryarta na rawa.

Uwar yaron dai tuni ta gajarce shi. Breo take ce masa.