Yadda muka ɗora wa kwamfuta gwajin shafinmu

Shafin intanet da muke kula da shi a nan Sakkwato na wata makaranta ne. Yawancin masu buɗe shi iyaye ne riƙe da Tecno ko itel, da 'yar datar kwana ɗaya. A kwamfutar ofis kuwa komai ras yake buɗewa, shi ya sa muka daina dogaro da idonmu. Muka haɗa Lighthouse CI, manhajar auna saurin shafi, da GitHub Actions, mai tayar da aiki da kansa a ma'ajiyar aikinmu: duk wanda ya turo gyara, gwaji zai tashi da kansa, in ya faɗi ba a haɗa aikinsa da na sauran.

Lighthouse yakan kwaikwayi waya a kan layin 4G mai jan ƙafa, ya rage ƙarfin na'urar har ninki 4. Ma'aunin Google muka bi: babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, motsin rubutu da hotuna kada ya wuce 0.1. Hotunan bikin yaye ɗalibai ne suka fara faɗuwa gwajin, muka mayar da su WebP, tsarin hoto mara nauyi, aka wuce wurin. Motsin ne ya ba mu ciwon kai. Ashe salon rubutun da aka zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, ana loda na biyu domin su kaɗai, in ya iso a makare sai layuka su gusa daidai lokacin da mutum ya kai yatsa. Muka koma salo guda mai ɗauke da harufan duka.

Makin da Lighthouse ke bayarwa bisa 100 kuma ba ya zama wuri ɗaya, yau sama gobe ƙasa ba tare da an taɓa komai ba. Sai a bar gwajin ya gudana sau 3 a ɗauki na tsakiya. Wanda ya kafe sai 100, abokan aikinsa za su kashe gwajin a ɓoye.

Ɓangaren masu buƙata ta musamman axe-core muka ba shi, wata manhaja mai duba ko za su iya amfani da shafi. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa musu amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin launin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Wannan ba don masu raunin gani kaɗai ba ne; gwada karanta ruwan toka a kan fari cikin ranar Afrilu a Sakkwato ka gani.

Sai dai axe-core yakan duba ko hoto na da bayanin da ake karanta wa makafi ne kawai, ko "hoto1" ka rubuta zai wuce. Wani malami makaho ya gwada shafin biyan kuɗi da TalkBack, manhajar waya mai karanta abin da ke allo da murya, ya danna, ya saurara, ya ce, "Malam, wanga abu ya yi shiru. An amshi kuɗin ko ba a amsa ba?" Saƙon tabbatarwa yana kan allo, amma wayar ba ta karanta shi ba, alhali gwajinmu duk ya nuna kore. Muka sa wa saƙon aria-live, alamar da ke sa wayar ta karanta shi da zarar ya fito. Yanzu kafin mu saki kowane sabon fom, sai ɗayanmu ya kunna TalkBack ya cike shi daga farko har ƙarshe ba tare da kallon allo ba.