Karanta Tsaga Kafin a Cike Ta: Aikinmu a Jikin Tsofaffin Jiragen Faibagilas

Yawancin jiragen ruwa masu filafilai da ake kawo mana an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970, lokacin da faibagilas, wato zaren gilas da aka jiƙa da rezin (ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri), ya fara ture katako a sana'ar ƙera jirgi. Jirage ne masu ƙwari, don maƙeran wancan zamani ba su yi rowar rezin da zaren gilas ba. Sai dai da wuya ka samu guda wanda fatarsa ba ta tsattsage ba. Fatar nan ita ce jelkot, rezin foliyesta mai launi da ake fesawa cikin mazubi kafin a shimfiɗa zaren gilas a bayansa. Kaurinta bai kamata ya wuce wajen rabin milimita ba. Aikinta ta tare ruwa da rana, ta ba jirgi ƙyalli, nauyi kuwa na zaren gilas ne. Ta fi abin da ke ƙarƙashinta gautsi, shi ya sa in gangar jirgi ta ɗan lanƙwasa, ita ke fara fashewa.

A wurinmu ba a kunna injin gurza ranar da jirgi ya iso. Wanke shi muke yi tas, mu bar shi ya bushe, mu tsaya mu dubi siffar tsagar. Wadda ta bazu daga wuri guda kamar saƙar gizo-gizo, bugu ne: an ci karo da gaɓar matsaya, ko wani abu mai nauyi ya faɗo, wani lokacin ma daga ciki. Wadda ta jeru layi-layi kusa da juna ita ce ke sa ni tsayawa, domin tana nufin wurin yana motsi. Za ka same ta gefen bangon ciki da ke tokare gangar, ko inda aka ɗaure wayoyin da ke riƙe sandar filafilai, ko gindin ƙarafunan shinge, ko kusurwa mai kaifi. Akwai ta uku, ƙananan tsage barkatai da suka rufe fili mai faɗi. Wannan aikin rana ne da tsufa, sau da yawa kuma tun a masana'anta aka zuba jelkot ya yi kauri fiye da kima. Ba a bin ta ɗaya bayan ɗaya. Kankare wurin ake yi a sake masa fata.

Wanda ya koya mini sana'ar nan, Allah ya jiƙansa, bai yarda na taɓa gwangwanin jelkot ba sai da kunnena ya waye. Ƙaramar guduma mai kan roba ya ba ni, ya ce in bi gangar jirgi taki bayan taki. Inda lafiya take, sautin kan fito a tsaye, kau-kau. Inda sassan zaren gilas suka rabu da juna, ko ruwa ya shiga, sai ka ji shi a dushe. Nakan ce, "Maigida, nan fa?" Ba ya amsawa, sai ya karɓi gudumar ya buga nan, ya buga can, ya miƙo mini alli in zagaye wurin da kaina. Yau muna da na'urar auna laima, muna kuma amfani da ita, amma ƙarfe a bayan gangar ko fentin ƙasan jirgi mai tagulla kan sa ta nuna ruwa inda babu. Don haka ba na yanke hukunci sai na haɗa abin da ta nuna da abin da na ji, sannan na shiga ciki da tocila na duba bayan tsagar. Farin zane a cikin faibagilas ɗin alama ce zaren ya karye. A saman jirgi kuma, inda aka saka katakon balsa mara nauyi tsakanin sassan faibagilas biyu, in ka taka ka ga ruwa mai launin ƙasa yana tsattsafowa, katakon ya fara ruɓewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu gyaran sha-yanzu-magani-yanzu. Mutum ya sayi filar gyaran mota, ya shafe tsaga, ya fesa fenti, ya karɓi kuɗi. Filar mota tana shan ruwa. Bayan 'yan watanni tsagar ta dawo daidai inda take, ruwa kuma ya samu mafaka a ƙarƙashi. Da yawa daga aikin da muke yi, tone irin wannan ne kafin mu kai ga ainihin ciwon.

In tsagar a fata kawai ta tsaya, buɗe ta muke yi da ɗan injin gurza mai siririn baki, mu mayar da ita kwari mai faɗin baki, har ƙasanta, har ƙarshenta ta kowane ɓangare. Tsaga siririya ba ta karɓar jelkot, samanta kawai zai rufe. Mu share da asiton, ruwan sinadari mai wanke maiƙo. Sinadarin daskararwa, MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa, da sirinji muke auna shi, da tabarau da takunkumi, don ɗigonsa a ido na iya makantar da mutum. Ana cikawa ya ɗan haura, saboda yana tsukewa in ya bushe. Jelkot kuma ba ya bushewa sarai in iska na taɓa shi, sai an haɗa masa kaki irin na kyandir ko an rufe shi da leda. Nan ma masu kawo kaya sun sha ɓata mana rai: a kawo maka gwangwanin da ya shekara a sito, ka buɗe ka tarar ya fara gudaji. Yanzu duk gwangwanin da ya shigo sai mun gwada shi a kan guntun allo kafin ya kusanci jirgin mutane.

In ciwon ya shiga zaren gilas, aikin ya canja. Muna gurje wurin a gangare, faɗin gangaren ninki 12 na kaurin gangar. Inda kauri yake milimita 6, gangaren zai kai milimita 72 ta kowane gefe. Sai a jera sabon yadin gilas sashe kan sashe, a matse iska waje. In motsi ne ya haifar da tsagar, sai an ƙarfafa wurin daga ciki, in ba haka ba an yi aikin banza. Ƙasan layin ruwa rezin ifoksi muka fi so, don ya fi kamawa ya fi tare ruwa. Inda jelkot zai hau kai kuwa, rezin foliyesta ko binilesta, domin jelkot ba ya kama ifoksi yadda ya kamata sai an yi shiri na musamman.

Haɗa launi shi ne inda nake alfahari. Farin jirgin da ya shekara 40 a rana ba fari ba ne kuma. Ya ɗauki rawaya, wani wurin toka-toka, gefen da ya fi shan rana ya bambanta da ɗaya gefen. Mukan fara goge wani ɗan wuri kusa da gyaran don launin gaskiya ya fito, sannan mu riƙa ɗiga launi da tsinke, rawaya kaɗan, baƙi ɗan mitsitsi, mu bar gwajin ya bushe, mu duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Daga nan sai samfefa da ruwa, lamba 400, 600, 800, har 1500, a kan katako mai laushi don kada yatsa ya yi rami. A ƙarshe man gogewa. In mai jirgi ya zo yana shafa gangar yana neman inda aka gyara bai samu ba, ranar ina kwana da farin ciki.

Duk da haka, in an faɗi kuɗin aiki, za ka ji wani ya ce, "Haba Malam, tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba?" Nakan ɗauki gudumar in ba shi ya buga da hannunsa ya ji faɗin wurin da ya dushe. Yawanci ciniki kan ƙare a nan.

Wanda zai kawo mana jirgi, roƙona guda ne: kada ya shafa kaki ko silikon a kan tsagar da sunan tare ruwa, don suna hana sabon jelkot kamawa, kuma cire su aiki ne. Ya manna tef a kai, ya sa alama da alƙalami a ƙarshenta biyu, ya rubuta kwanan wata. In ya iso muka ga ta wuce alamar, mun san wurin yana motsi, daga ciki za mu fara.