Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da aka ce wayarmu ta kori ruwa

Makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni daga Kaduna aka tura ni Jos a farkon 1992, aka haɗa ni da masu sintirin babban layin wutar lantarki. Aikinmu shi ne bin turakun ƙarfe da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, muna duba ƙusoshi da faya-fayan gilashin da waya ke rataye a jikinsu, muna sare duk reshen da ya miƙo kusa. Layin nan mai ƙarfin wuta kilobolt 330 daga Mando ta Kaduna yake tasowa ya hau tudun Jos, daga can wani ya zarce Gombe. Wutar da ke cikinsa tun daga Kainji da Jebba da Shiroro take, ita Shiroro ma shekara biyu kacal da buɗe ta a lokacin.

Ni ɗan ƙasar Katsina ne, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba. Jos kuwa ta haura mita 1,200 a sama da teku, duwatsun Shere sun zarce mita 1,800. A can na fara ganin hadari ya haɗu a ƙasa da inda nake tsaye. A can kuma na fara shan dukan ƙanƙara, har na ɓuya a ƙarƙashin wani falalen dutse ina salati.

Wata Talata a watan Yuni muka sauka wani ƙauye da ke gindin tsauni, mu huɗu da ogana. Ruwa ya yi tsaiko kusan mako uku bayan shuka, masara ta fara naɗe ganye. Muna cikin shan ruwa a inuwa sai mai unguwa ya aiko a kira mu. Muka tarar da shi a kan buzu da dattawa kamar goma, babu mai fara'a a cikinsu. Bayan gaisuwa ya ce, "Samari, ina da tambaya. Me muka yi muku da wayarku take kore mana ruwa?"

Ogana ya yi murmushi, ni kuwa na sunkuyar da kai. Tsohon bai ji haushi ba. Ya ce da idonsu suke ganin hadari ya taso daga kudu maso yamma, ya yi baƙi ƙirin a kan tsauni daidai inda turakun suke, ya zuba a can, su kuma sai iska da ƙura. Ya ce duk daren da aka yi yayyafi wayar tana tsuwa kamar mai a kasko, wani lokaci har da ɗan haske shuɗi-shuɗi, to me take yi in ba shan ruwan take ba? Sannan ya nuna wani Bafulatani da ke zaune a gefe, wanda aradu ta kashe masa shanu uku a gindin turke a daminar da ta wuce.

Duk abin da ya faɗa ya gani da gaske, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Tsuwar nan gaskiya ce. Ƙarfin wutar ne ke fasa iskar da ke manne da waya, in akwai laima ko ɗigon ruwa a jikinta sai abin ya ƙaru, amma duk a 'yan yatsu kaɗan daga wayar yake ƙarewa. Hadarin da ke tsayawa a kan tsauni ma gaskiya ne, sai dai tsaunin ne ke tsayar da shi. Iskar damina daga teku take zuwa ɗauke da laima, in ta tarar da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi ta sauke kayanta, kafin ta gangaro ɗaya ɓangaren ta yi sauƙi. Abin da ya sa Kagoro da Kafanchan suka fi wajen Bauchi samun ruwa ke nan. Turke bai fi mita 30 zuwa 40 ba, gajimaren tsawa kuwa yana haura kilomita 10.

Na nemi izinin ogana na yi magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu har gobe ko falwaya ɗaya babu. Amma farin 1973 ya cinye mana shanu ina yaro, na 1984 kuma da ni aka yi layin tsaba." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Wannan haka ne, ɗana. Mu ma mun sha su."

Maganar shanun ce ban iya kaucewa ba. Turke a kan tsauni shi ne mafi tsawo a wurin, aradu kuma dogon abu take nema. Don haka ake shimfiɗa siririyar waya a can ƙololuwa, sama da masu ɗauke da wuta, ta karɓi dukan ta bi ƙarfen turke ta shige ƙasa. A ƙasa mai laima wutar nan take nutsewa. A kan dutse kuwa ba ta samun hanyar shiga, sai ta bazu a doron ƙasa, saniya kuma tazarar ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa, wutar ta shiga ta nan ta fita ta can. Muka roƙi Bafulatanin, in hadari ya taso ya nisanta garkensa daga turke ko da taku ɗari ne. Bai ce uffan ba. Shanunsa dai sun riga sun tafi, kuma babu wanda ya biya shi ko sisi.

Da za mu tashi mai unguwa ya ce in biyo shi. Da sandarsa ya hau gangaren, ina biye, har muka isa filin da aka share wa layin, faɗinsa mita 50, ya miƙe tun daga gindin tsauni har sama kamar an yi wa dutsen aski. Ya nuna mini kututturen ɗorawa da na maɗaci da wuta ta ci rabinsu. Ya nuna wani kwazazzabo da zai haɗiye mutum a tsaye, ya ce da can ɗan tsallake yara ke yi a wurin. A ƙarshe ya tsaya a wani rami mai busasshen yashi, ya soka sandarsa a ciki ya zaro ta ba ko danshi. Ya ce, "Nan idon ruwa ne. Matanmu har watan huɗu suna ɗiba a nan. Shekara uku bayan sare itatuwan nan ya ƙafe."

Ban sami abin cewa ba, domin addar da muke maimaita saran da ita duk shekara tana rataye a kafaɗata. Itace a kan gangare shi ke riƙe ruwa har ya samu ya nutse. In an kwashe shi, ruwan sama ko ya zo da yawa gudu yake yi ya tafi da ƙasa, rana ta gasa abin da ya rage. A sama wayarmu ba ta taɓa musu komai ba, amma a ƙasa mun taɓa, kuma mai gona a ƙasa yake auna damina. Har yau ina ganin da an bar gajerun itatuwa da ciyawa a gangaren, aka cire dogayen kawai, da idon ruwan nan yana nan.

Da dare na rubuta haka a rahoton sintiri, shafi guda cur, na kai wa ogana. Ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "Kai yaro, turaku aka aiko ka ƙirgawa." Kwana biyu bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsawa ta faɗa wa layin da misalin ƙarfe biyun dare, Jos da Gombe suka yi duhu. Da asuba aka tashe mu neman turken da abin ya shafa, kuma ni aka ce in hau. Yadda hawan nan ya kaya, da abin da ya sami hannuna na hagu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.