Hoton kejin da Hajiya ta gani

Kuskuren da na yi shi ne tura hoton nan zauren WhatsApp na gidanmu. Keji shida ne a jere cikin gareji, kowanne lulluɓe da tsohon zanin gado, ni kuma ina tsaye a gefe da safar hannu. Da farin ciki na tura, domin a daren ne muka kama mage ta ƙarshe a bayan wani ɗakin ajiyar kaya, bayan mako uku muna fama. Ko awa ɗaya ba a yi ba ƙanina ya kira, ya ce Hajiya na son magana da ni.

"Yanzu kai da karatunka, ka manta da matar da ta shiga wuta saboda mage?"

Ban manta ba. A bakinta na fara jin hadisin tun ina ƙarami: matar ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba, har ta mutu. Na ce, "Allah ya huci zuciyarki Hajiya, kwana ɗaya ko biyu suke yi, sai mu mayar da su." Ta ce to in za a mayar da su, me ya kawo kamun? Kafin in haɗa amsa layi ya yanke. Wata biyar ke nan, kuma har yau maganar tana ci mini rai.

A sanyina na farko a Amurka na shiga wannan aiki. Na tashi daga aikin dare, na je zubar da shara, sai na ga 'ya'yan mage huɗu a ƙarƙashin babban kwandon bola. Uku sun riga sun sandare. Ta huɗun na sa ta cikin rigata, na rasa inda zan nufa da ita, a garin da babu wanda na sani sai abokan aiki. Wata dattijuwa da ke gininmu ce ta karɓe ta, kuma ita ta fara miƙa mini tarko. A bakinta na ji sunan ƙungiyar Alley Cat Allies, wadda aka kafa a Washinton a 1990, ta yaɗa a ƙasar wannan hanya ta kama magunan titi, a hana su haihuwa, a mayar da su.

Abin da na kasa gaya wa Hajiya a waya shi ne lissafin. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu. Cikin kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Yawancin 'ya'yan magunan titi ba sa girma, sanyi da cuta da mota ke cinye su. Shi ya sa muke kama iyayen, likitan dabbobi ya yi musu allurar barci, ya fiɗiye muzurai, ya yi wa mata aikin da zai hana su haihuwa, a yi musu rigakafin ciwon haukan kare. Suna cikin barcin ake datse ɗan saman kunnen hagu, kamar santimita ɗaya, don duk wanda ya gan su daga nesa ya san an gama da su. Sannan a sake su daidai inda aka kama su, inda suka san maɓoya da mai ba su abinci. In ka kwashe su gaba ɗaya, wasu ne za su zo su cike gurbin.

Dattijuwar nan yanzu gwiwa ta hana ta durƙusawa, tarkunan suna hannuna. Matasa biyar nake fita da su, 'yan shekara 16 zuwa 20, kuma na koya musu su riƙa ce mini Kawu. Ƙaramar cikinsu ranar farko da ƙofar tarko ta faɗo, magen ta fara dukan ƙarfe da fuska, sai ta fashe da kuka ta kai hannu za ta buɗe. Na riƙe hannun, na ce jefa tawul. Tana rufe kejin duhu ya sauka, magen ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Yarinyar ta tsaya tana kallona da hawaye. Yanzu ita ke koya wa sababbi shimfiɗa jarida a ƙasan tarko, da ajiye kifin gwangwani can ƙurya bayan farantin da mage za ta taka. Ita ke tuna musu cewa ba a barin tarko a ɗane a tafi gida, kuma in an kama mai shayarwa sai an nemo inda 'ya'yanta suke. Wallahi in na ji ta tana faɗin maganata da bakinta, sai in ji ni ma wani ne a ƙasar nan.

Daga nan sai in koma ɗaki ni kaɗai.

Babban ɗana shekararsa 17, sa'an waɗannan yaran ne. Yana da takwas na baro shi. Ban koya masa tuƙa keke ba, ƙanina ne ya koya masa. Muryarsa ta buɗe ban ji ranar ba, sai dai wata Juma'a na kira na ɗauka baƙo ne ya ɗauki wayar. Ina nan ina tsugune a sanyi da 'ya'yan wasu, ina nuna musu yadda ake haƙuri, takardunsa na zuwa wurina kuma suna can a layi shekara da shekaru. Mahaifiyarsa ba ta taɓa yi mini gori ba, shirunta ma ya fi nauyi.

Jiya da asuba ya turo mini saƙo. Ya ce akwai mage da ta haihu a bayan ɗakin Hajiya, guda biyar, idanunsu ba su buɗe ba. "Baba, in ɗauke su in kai ciki?" Na ce a'a, kada ya taɓa su, uwar ta fi kowa iyawa, ya dai ajiye mata ruwa nesa kaɗan ya koma gefe. Na tambaye shi ko Hajiya ta sani. Ya ce ai ita ce ta ce a tambaye ni.